Ana Gaya wa Zulfa Don In Ji

Talata, 3 ga Satumba, 2024

Sakamakon aji ɗaya ya fito. Fuɗu da ɗigo biyar cikin biyar. Na duba har wayata ta yi zafi, ba kuskure ba ne, sunana ne, Adawiyya Abdulkarimu. To yanzu sai batun da nika kwana da shi tun bara: in bar ƙaramar jami'armu da kwas ɗin Bayokem da anka liƙa mini, in koma babbar jami'ar birni in karanta Famasi. An ce gurbin masu taransifa bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma daga ko'ina ake nema.

Abin haushin, duk Tambuwal ba wanda ya san hanyar wanga abu kamar matar da ta haife ni, Malama Hinde, mai ba ɗalibai shawara a sakandaren 'yan mata. Har daga Dogon Daji ake kawo mata ɗiyan mutane. Ni kuwa ɗiyar fari ce. Ba ta faɗin sunana, ba ta zama inda nika zaune, in ta kama dole sai ta ce "waccan ta Kebbe", don can anka kai ni riƙo bayan yaye. Ni ma Malama nika ce mata kamar kowa.

Na aza takardar sakamakon a kan firij ɗinta. Ta ɗaga, ta goge firij, ta mayar da ita yadda take.

Alhamis, 5 ga Satumba

Barandarmu cike da 'yan mata, kowace da takardunta a leda. Ni ce mai kawo musu ruwa. Wata ma da ba ta san bambancin Famasi da aikin jinya ba an zauna da ita har la'asar ana lallashi. Wai kunya. Kunyar mi? Ni na ce a haife ni da fari?

Asabar, 7 ga Satumba

Baba ya dawo daga wurin aikinsa, asibitin Sanyinna. Ya ga takardar, ya dubi bango ya ce Allah shi yi albarka. Bango ya gode.

Kawu Jumare ne kawai ya yi mini magana kamar mutum. Ƙanen Malama ne, akawu a sakatariya, bakinsa ba ya gajiya. Ya ce in kwantar da hankalina, yana da mutum a babbar jami'ar, tare sunka yi makarantar kwana, ko shugaban jami'a sai ya bi ta ofishinsa. Ya ce kada ma in wahalar da kaina da komawa tsohuwar makaranta, in zauna gida in huta, takarda za ta iske ni har ɗaki. Ban san ko gaskiya ne ba. Amma ya kira ni da sunana, ya dube ni a ido, wallahi har na ji ƙwalla.

Litinin, 9 ga Satumba

Yau anka fara wani sabon wasa.

Ina wanki a tsakar gida Malama ta leƙa ta katanga ta ce wa Inna Mardiya, maƙwabciyarmu, ta turo mata ɗiyarta Zulfa. Zulfa ƙawata ce, Tarihi take karantawa a jami'armu, kuma ko a mafarki ba ta taɓa cewa za ta canza makaranta ba. Ta zo tana hamma. Malama ta shimfiɗa tabarma daidai inda nika shanya, ta ɗaga murya kamar mai wa'azin kasuwa, ta ce: "Zulfa, duk mai son canjin jami'a, abu na farko, kada ta saki reshe ta kama ganye. Ta koma makarantarta ta yi rajista, ta shiga aji, har ranar da takardar can ta shigo hannunta."

Zulfa ta ce ai ita ba ta son canji. Malama ta ce ta dai riƙe, ilimi ne.

Ni ba jaka ba ce, na san da wa ake. Shi ya ma fi ƙona mini rai. Ga ni, taku biyu tsakaninmu, amma sai an bi ta kunnen ɗiyar wani. Na yanke wa kaina hukunci: maganar da ba a gaya mini ba, ban ji ta ba.

Laraba, 11 ga Satumba

Darasi na biyu. Wai mai neman taransifa ta je da ƙafarta wurin shugaban sashenta ta roƙi takardar sallama, kada ta aika babban mutum, malamai sun tsani a yi musu kamun ƙafa ta sama. Wai ta jera kwasa-kwasan da ta ci kusa da na Famasi na can, ta gani ko sun yi daidai, musamman Fiziks da ilimin dabbobi, in ɗaya ya ɓace ba a ko buɗe sauran takardun. Famasi fa, ga mai karanta tarihin Daular Usmaniyya.

Zulfa ta kama ni a zaure ta ce don girman Allah in amsa ko da tari ne, ƙafarta ta yi tsami da zaman tabarma, kuma jiya ta yi mafarki tana rubuta jarrabawar Fiziks. Na ce mata ta riƙe, ilimi ne.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na uku: a intabiyu kada a zagi makarantar da anka baro. Ban ji ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

An koma makaranta. Zulfa ta tafi da sassafe, da murnarta kamar wadda anka sako daga kurkuku. Ni ina gida. Malama ta tsaya ta dubi akwatina a kan wadirob, ta daɗe, ta wuce. Na jira. Kalma ɗaya ce fa: tafi. Da ta faɗa da na sauko da akwatin nan take.

Kawu ya ce mutuminsa ya ce an kusa.

Alhamis, 26 ga Satumba

Da babu Zulfa sai anka koma kan uwarta. Inna Mardiya da ko firamare ba ta gama ba, an tsare ta a bakin katanga ana gaya mata cewa rajistar jami'armu ba ta wuce mako uku a buɗe, kuma wanda bai yi ba a wurinsu ya bar karatu. Baiwar Allah sai "to" take cewa, miyarta na ƙonewa.

Na kunna rediyo na ƙure murya. Ban taɓa yi wa Malama haka ba. Bayan nan ko tuwon dare ba ta ci ba, ni ma ban ci ba, amma ni ba don ita ba ne, cikina ne ba daɗi.

Talata, 1 ga Oktoba

Na taho Kebbe wurin Gwaggo Na'iya, yayar Baba, wadda ta raine ni. A nan aƙalla ina da suna. Hanya duk ruwa ya cinye ta, motar ta kafe sau biyu, mun iso da laka har gwiwa. Gero ya nuna, kowa na gona.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na zaci Gwaggo za ta goyi bayana. Ina! Na kwashe labari duka na gaya mata tana tsinkar yakuwa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ban da hankali. Wai uwar da za ta zauna tana shawara da ɗiyarta ta fari gaban jama'a, gobe a gidan suna da ita za a yi hira. Wai ita kanta har ɗanta na fari ya yi furfura ba ta taɓa miƙa masa ruwa hannu da hannu ba, kuma ba wanda ya kai shi a zuciyarta.

Na ce to a ci gaba da sonmu daga nesa, mu kuma mu ci gaba da lalacewa daga kusa. Ta jefe ni da murfin kwano. Ta ce Hinde ta yi boko har ta gaji, amma ɗiyar Fulani ce, abin da ta yi na tara maƙwabta tana ihu ma ya wuce abin da uwarta za ta iya. "Ke kina son a ba ki fura, kuma sai a ludayin da kika zaɓa."

Na tashi na bar mata yakuwarta. Da yamma na raka ta kasuwa sayen maganin hawan jininta. Wurin wani mai tallan magani a tire ta saya, kwalayen sun kwana sun wuni a rana har rubutun ya koɗe. Na ce kada ta sha, ta ce shekara nawa tana sha. Wanga shi ne abin da ya sa nika son Famasi tun ina ƙarama, kuma ba wanda ya taɓa tambayata.

Litinin, 7 ga Oktoba

Innalillahi. Na dawo Tambuwal na matsa wa Kawu ya kira mutuminsa a gabana. Ashe ba ya ko kusa da ofishin ɗaukar ɗalibai, a sashen kula da motoci yake. Mutumin kirki ne ma, shi ya faɗi gaskiya: ba a duba takardar kowa sai ɗalibin da ke da rajista a makarantarsa, da sallamar shugaban sashe. Ya ce shi tun farko abin da ya ce wa Kawu shi ne zai tambaya.

Kawu ya kashe waya ya ce mutanen yanzu ba amana. Ya ce in bari, akwai wani. Na tashi na bar masa ofis ban yi sallama ba.

Rajistarmu ranar Juma'a za a rufe. In ta rufe, ba Famasi, ba Bayokem, ba komi. Shekara guda ta tafi a banza, da makin da na sha wuya a kansa. Kuma ban san ta inda zan fara ba, don duk darussan Zulfa rabi na ji, rabi ina cika baki da kumburi.

Ba zan roƙe ta a gida ba. Ko na roƙa bango za ta amsa wa.

Talata, 8 ga Oktoba

Bari in rubuta wanga da kyau.

Da safe na sa hijabina na ɗauki takarduna a leda kamar kowa, na tafi sakandaren 'yan mata. Ofishinta na ƙarshen baranda, da benci a ƙofa. Na zauna a layi bayan wasu 'yan aji shida, suna ta satar kallona don sun san ko ni wace ce. Na ce a raina, a gida ɗiyar fari ce ni, a nan kuwa tsohuwar ɗaliba ce, kuma gwamnati ke biyanta ta saurare ni. In ta kore ni, sai na kai ƙara wurin shugabar makaranta, wallahi da niyyata ke nan.

Da layi ya zo kaina na yi sallama na shiga. Ta ɗago. Sannan ta gyara tabarau, ta jawo rajistar baƙi, ta ce, "Zauna. Suna?"

Na faɗa. Ta rubuta.

Ta karɓi takardun ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya ce ki zauna gida?"

Na ce, "Ba wanda ya ce in tafi."

"An ce."

"An ce wa Zulfa."

Ta cire tabarau ta aje, ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban tuna ranar da ta taɓa yi ba. Ta ce, "To yanzu an ce miki. Ki tafi gobe."

Daga nan ta zama wata mata da ban sani ba. Faɗa ta yi mini sosai, irin wanda nika jin tana yi wa ɗiyan mutane ina kishi. Ta ce na yi wauta, na ba shugaban sashe dalilin hana ni sallama. In na je in fara da ba shi haƙuri, kada in ambaci sunan kowa, har nata. In shiga kowane aji, in yi kowane gwaji kamar ba inda za ni, don in can ba su ɗauke ni ba nan ne gidana. Ta jera kwasa-kwasaina kusa da nasu ta nuna mini sun yi daidai, sai ɗaya da sunansa ya bambanta, ta ce in karɓo bayanin abin da anka koyar a ciki daga malamin, da sa hannunsa. Ta ce in sa a raina za a iya ƙi na, masu maki kamar nawa da yawa ake mayarwa, kuma ba ƙarshen duniya ba ne.

Na tashi zan fita, tana haɗa takardun, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Makinki ya kai. Bana ba wadda ta zauna a kujerar nan da irinsa." Sai ta ɗaga murya ta ce ta gaba ta shigo.

Na tsaya bayan ajin 'yan aji ɗaya na yi kuka kamar wata sakarya.

Da yamma a gida? Ta wuce ni a tsakar gida ta ce wa Inna Mardiya ta katanga wai masu tafiya gobe su kwanta da wuri. Kai, wagga mata.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na yi rajista, da ƙyar. Layi tun daga ƙofar banki har bakin masallaci.

Laraba, 16 ga Oktoba

Shugaban sashe ya wanke ni tas. Ya ce su ke shan wahalar ɗalibi, in ya fara haske sai manyan jami'o'i su miƙo hannu su tsince, kamar su nan gonar gwaji ce. Ya tambayi inda na shiga mako uku. Bakina ya yi ƙaiƙayi in ce masa ɗakin gwajinmu ko ruwan famfo babu, da jarka muke zuwa. Na haɗiye. Na ba shi haƙuri. Ya tambaya wa ya turo ni, na ce ba kowa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to wannan sabo ne. In dawo bayan gwajin farko ya ga ko da gaske nika karatu.

Ina jin haushin yadda komi ke tafiya yadda ta ce.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Shugaban sashe ya sa hannu. Ya ce in sun ƙi ni kada in ji kunyar dawowa.

Zulfa na ta yi mini tsiya, wai a ba ta ladan zaman tabarma, ko a rubuta sunanta a shaidar digirina.

Talata, 19 ga Nuwamba

Intabiyu a birni. Mun cika baranda, wasu da iyayensu, wani uban har da babbar riga da direba. Ni kaɗai na zo da ledata. Na ji haushi, sannan na ga yadda anka hana iyayen wuce ƙofa, na ɗan huce.

Malamai uku. Ta tsakiyar ta tambaye ni mi ya sa nika son barin jami'armu, ko ba ta da kyau ne. Nan take na ji muryar Malama a tsakar gida, ranar da na ce ban ji ba. Na ce makarantata ta koya mini abin da ya kawo ni gabansu, Famasi ne kawai ba ta da shi. Sai na ba su labarin Gwaggo da mai tire a kasuwar Kebbe. Ban shirya shi ba, fitowa ya yi. Na ƙarshen ya tambaye ni abin da rana ke yi wa ƙwayar magani, na faɗi abin da na sani, inda ban sani ba na ce ban sani ba.

Sun ce za a ji.

Lahadi, 1 ga Disamba

Shiru. Ina shiga aji, ina gwaji. Ko abinci ba ya mini daɗi.

Asabar, 14 ga Disamba

Jiya sunayen sunka fito. Mutum uku. Nawa ne na biyu.

Na hau motar Tambuwal da asuba. Duk hanya ina shirya yadda zan yi: in shiga, in tsaya gabanta, in faɗa mata a fuska, ko za ta nutse don kunya ita ta sani. Ofis ba ya buɗe ranar Asabar, kuma wanga labari ba na ofis ba ne.

Na iske ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai, Inna Mardiya na jingine da katanga. Na yi sallama, sunka amsa. Na buɗe baki. Ban san mi ya same ni ba, wuyana ya yi nauyi, idona ya ƙi tashi daga ƙasa. Gajiyar mota ce, ina ji.

Sai na ciro waya na kira Gwaggo Na'iya. A tsakar gida na tsaya, don nan sabis ya fi, ko da yake kowa na cewa a zaure ne. Na ɗaga murya, saboda Gwaggo ba ta ji sosai. Na ce mata sun ɗauke ni, Famasi, aji biyu. Na ce mata wata malama ce a sakandaren 'yan mata ta nuna mini hanya, kuma ban san yadda zan gode mata ba.

Inna Mardiya ta rangaɗa guɗa. Malama ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya cikin shinkafar, ya daɗe a tsaye. Can ta share fuska da gefen zane, ta ce wa Inna Mardiya wai ƙaiƙayin shinkafar bana ya yi yawa. Sannan ta ce, "Mardiya, masu zuwa birni dai su riƙa cin abinci. Na ga wasu sun rame."

Na ce a waya, "Gwaggo, ki ce na ji."

Gwaggo ta ce, "In ce wa wa? Ke da wa kike magana ne?"

Na ce mata sabis ne ke yankewa, na kashe, na je na ɗauko wani faifan na zauna a ɗaya gefen tabarmar. Ba ta tashi ba.